Yadda Ake Samar da Hasken Ultrabayolet Mai Gajeren Zango Daga Iskar Gas

Gabatarwa

Duk mai sauraron rediyo a ƙasar Hausa ya san gajeren zango da matsakaicin zango, ya kuma san kowace tasha tana da mitarta. Idan yana neman wata tasha, sai ya yi ta murɗawa har allura ta tsaya a kan mita 19 ko 25 ko 31. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, igiyoyin da rediyo yake kamawa da hasken da ido yake gani dangin juna ne na jini. Tsawon zango ne kawai ya raba su. Zangon igiyar rediyo da mita ake auna shi, na haske kuwa da nanomita, wato abin da za a samu idan aka raba mita ɗaya gida biliyan ɗaya. Kaurin silin gashin ɗan'adam ya kai wajen nanomita 70,000.

Idon mutum yana ganin hasken da zangonsa ya kama daga nanomita 700, wato ja, zuwa nanomita 400, wato shunayya. Abin da ya gaza nanomita 400 ido ba ya ganin sa, kuma shi ake kira ultrabayolet, ma'ana abin da ya ƙetare shunayya. Wannan maƙala za ta dubi wani yanki na wannan haske, wanda zangonsa ya gaza nanomita 200, ta bayyana dalilin da ya sa masana suka matsu da samun sa, da abin da ya sa samun nasa ya yi wuya, da kuma dabarar da aka bi aka sa iskar gas ta riƙa haifar da shi, har ana iya murɗa shi kamar yadda ake neman tasha.

Hasken da iska take haɗiyewa

Wani Bajamushe, Johann Ritter, shi ne ya gano ultrabayolet a shekarar 1801. Ya raba hasken rana zuwa launukansa, sai ya lura cewa wani sinadarin azurfa da haske yake baƙanta shi ya fi saurin yin baƙi a gaban shunayya, inda ido ba ya ganin komai. Daga baya masana suka fahimci wata ƙa'ida: haske yana zuwa ne ƙunshi-ƙunshi, ana kiran kowane ƙunshi foton, kuma gwargwadon gajartar zango gwargwadon ƙarfin foton. Foton na jan haske yana ɗauke da ƙarfin da bai kai ilektiron-bolt 2 ba. Na nanomita 120 yana ɗauke da fiye da 10. Ƙullin da ya haɗa ƙwayar zarrar kabon da 'yar'uwarta a jikin abu mai rai kuwa bai kai ilektiron-bolt 4 ba. Ke nan foton ɗaya na wannan haske ya isa ya tsinke irin wannan ƙulli.

Masanin halittu ya daɗe da sanin wannan ɓarna. Sinadarin gado na DNA ya fi shan haske a wajen nanomita 260, shi ya sa fitilar da take ba da nanomita 254 take kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha da ɗakunan gwaji. Ultrabayolet na rana mai zango tsakanin 280 da 315 shi ne yake taimaka wa fata ta haɗa bitamin D, kuma shi ne yake jawo wa zabiya sankarar fata. Wanda ya fi wannan gajarta ba ya iso mu. Iskar ozon da take sama ta tare wani kashi, oksijin kuma ya haɗiye wanda ya gaza nanomita 200.

Wannan kariya rahama ce ga rayuwa, amma wahala ce ga mai bincike. Hasken da ya gaza nanomita 200 ba ya yin nisa a cikin iska, sai ya ɓace. Victor Schumann na birnin Laifzig shi ne ya fara kama shi a 1893, bayan ya zuƙe iska daga cikin na'urarsa, ya kuma sauya gilashi da dutsen fulorait. Tun daga lokacin ake kiran wannan yanki ultrabayolet na wurin da aka zuƙe iska. A 1906 Theodore Lyman na Jami'ar Habad a Amurka ya fara bayyana hasken da ƙwayar zarrar haidurojin take fitarwa a can, wanda mafi shahararsa yake kan nanomita 121.6, ana kuma kiran sa da sunan Lyman har yau.

Me ya sa ake son wanda ake iya murɗawa?

Kowace ƙwayar zarra da kowane molikul suna da zangunan da suke sha, su ƙyale sauran. Mai binciken da yake da haske mai zango ɗaya tak daidai yake da mai rediyon da allurarsa ta maƙale a wuri guda: in babu tasha a nan, ba zai ji komai ba. Abin da ake buƙata shi ne haske mai ƙarfi, mai tsabtar zango, wanda za a iya matsar da shi kaɗan-kaɗan har a faɗa kan inda abin da ake bincike yake amsawa.

Hanyoyin da ake da su kowace da aibinta. Fitilar gas tana ba da zanguna da yawa, amma haskenta a warwatse yake, ba shi da ƙarfi. Akwai leza irin ta agon da fulorin mai nanomita 193, da ta fulorin zalla mai 157, sai dai kusan a wuri ɗaya suke tsaye. Ƙera leza mai gajeren zango kai-tsaye yana da wuya, domin gwargwadon gajartar zango gwargwadon saurin da ƙwayoyin zarra suke zubar da ƙarfin da aka ɗura musu kafin a amfana da shi, ga kuma rashin madubi mai kyau. Sai kuma na'urar sinkiroton, wadda take juya ilektiron a cikin ƙaton zobe yana fitar da haske. Tana biyan buƙata sosai, amma gini ne na ƙasa guda ko na taron ƙasashe. Wadda take birnin Girenobul a Faransa, kewayen zobenta mita 844 ne. Saboda haka masana suka koma ga wata tambaya: shin za a iya ɗaukar hasken leza na yau da kullum, wanda aka riga aka iya murɗa shi, a gajarta zangonsa?

Idan haske ya fi ƙarfin abin da ya ratsa

Amsar tana cikin yadda haske yake ratsa abu. Sa'ad da igiyar haske ta shiga gilashi ko ruwa ko iska, takan girgiza ilektiron da suke jikin ƙwayoyin zarra, su kuma su sake fitar da haske daidai da yadda aka girgiza su. In hasken mai sauƙi ne, kamar na rana ko na fitila, ilektiron yana bin igiyar sau da ƙafa. Ja ya shiga, ja ya fita. In aka ninka hasken, martanin ya ninka. Wannan shi ne martani madaidaici.

Mai karatu ya tuna da lasifikar gidan biki. In an buɗe ta daidai wa daida, muryar mawaƙi takan fito yadda take. In aka ƙure ta, sai a ji tana ƙara wani tsiwa da kaushi waɗanda babu su a bakin mawaƙin. Takardar lasifikar ce aka tura ta fiye da iyakarta, ta kasa bin sautin daidai, sai ta haifar da sababbin sautuka masu kaɗawa ninki biyu ko uku na asalin. Haka ilektiron yake yi idan hasken ya yi tsanani. Martaninsa yakan karkace, ya fitar da haske mai kaɗawa ninki biyu ko uku, wato mai rabin zango ko sulusinsa. Ta fuskar foton kuma sai a ce, foton biyu ko uku sun narke sun zama guda mai ƙarfinsu duka. Wannan fanni shi ne ilimin karkataccen martanin haske.

Ba a ga wannan abu ba sai da leza ta samu, domin babu fitilar da take da irin wannan tsanani. Theodore Maiman ya ƙera leza ta farko a 1960 da dutsen yaƙutu, tana ba da jan haske mai nanomita 694. A 1961 Peter Franken da abokan aikinsa a Jami'ar Mishigan suka harba irin wannan haske cikin farin dutsen kwaz, sai ga ultrabayolet mai nanomita 347 ya fito, rabin zangon cif. Hasken ya yi ƙaranci ƙwarai, har masu ɗab'in mujallar da ta buga sakamakon suka ɗauka ɗigon da ya bari a hoton ƙura ce, suka goge shi. Nicolaas Bloembergen da ɗalibansa suka shimfiɗa lissafin fannin a 1962, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1981.

Daga dutse zuwa gas

Da duwatsu garai-garai, waɗanda ake kira kiristal, aka fara cin moriyar wannan dabara, kuma har yau su ake amfani da su wajen mai da haske kore ko ultrabayolet na kusa. Sai dai suna da iyaka. Da zarar zango ya gajarta sosai, dutsen da kansa yake shanye hasken da ya haifa. Kiristal ɗin BBO, wanda masanan ƙasar Sin suka samar a shekarun 1980, yana rabanta zango har zuwa wajen nanomita 205 ne kawai. Wani mai suna KBBF, shi ma daga Sin, ya sauka ƙasa da haka, amma noman sa yana da matuƙar wuya. Ko tagar da haske zai bi ma matsala ce: dutsen da ya fi kowane barin gajeren zango ya wuce, wato litiyam fulorayid, yana rufe ƙofa a wajen nanomita 105.

Gas kuwa, musamman dangin da ba sa haɗuwa da wasu sinadarai, wato hiliyam da niyon da agon da kirifton da zenon, suna barin gajeren zango ya ratsa su. Leza ba ta fasa su, domin in ta lalata wasu ƙwayoyi, wasu za su maye gurbinsu nan take. Ana kuma iya ƙara matsinsu ko a rage, ko a gauraya su yadda ake so.

Amma gas yana da nasa sharaɗi. A cikin kiristal ƙwayoyi a jere suke, suna fuskantar wani sashe, don haka tura ilektiron dama ya bambanta da tura shi hagu. A cikin gas babu gaba babu baya, ko'ina ɗaya ne, karkacewar da za a samu a dama ita za a samu a hagu. Lissafi ya nuna cewa irin wannan daidaito yana soke ninki biyu da huɗu da shida, ya bar uku da biyar da bakwai. Saboda haka mafi ƙarancin abin da za a yi a gas shi ne haɗa foton uku su ba da na huɗu. A 1967 G. H. C. New da J. F. Ward suka fara ganin ninki uku a cikin gas, a Mishigan ɗin dai, amma hasken bai taka kara ya karya ba.

Matsalar haɗa taki

Dalilin ƙarancin yana da muhimmanci, domin shi ne zuciyar wannan sana'a. Kowace ƙwayar zarra da leza ta ratsa tana ba da ɗan guntun sabon haske. Kafin a samu abin kirki, dole waɗannan guntaye su taru a kan taki ɗaya, tudun igiya a kan tudu, kwari a kan kwari. A duba masu tura motar da ta kafe a laka: in suka haɗa ƙarfi a lokaci ɗaya motar takan fita, in kuwa wani yana turawa wani yana ja, sai a wuni a wurin. To, a cikin gas, hasken leza da sabon hasken ba sa tafiya da sauri ɗaya. Bisa al'ada mai gajeren zango shi yake nawa. Bayan 'yar tafiya kaɗan sai takinsu ya saɓa, abin da ƙwayoyin gaba suka bayar ya soke abin da na baya suka bayar.

Stephen Harris da ɗalibansa a Jami'ar Sitanfod su suka warware wannan ƙulli. Sun lura cewa a wasu zanguna, dab da inda gas yake shan haske, al'adar takan juye, mai gajeren zango ya zama shi ne mai sauri. Idan aka gauraya gas mai juyayyar ɗabi'a da gas mai ɗabi'ar al'ada bisa gwargwado, saurin wannan zai cike nawar wancan, igiyoyin biyu su jera. A 1971 suka gwada da tururin ƙarfen rubidiyam gauraye da zenon, suka mai da nanomita 1064 ya koma 355. A 1973 A. H. Kung da J. F. Young da Harris suka harba nanomita 355 cikin gaurayen zenon da agon, suka sami nanomita 118. Wannan hanya tana nan da ranta a ɗakunan gwaji masu yawa: ana fara wa da leza mai 1064, a bi da ita ta kiristal biyu ta koma 355, sannan gas ya raba wannan gida uku. Galibi akan zuba kashi ɗaya na zenon a kan wajen kashi goma na agon.

Murɗa zango

Nanomita 118 zango ɗaya ne. Kafin a samu na murɗawa sai da aka haɗa da wata ƙirƙira, wato leza mai rini, wadda Peter Sorokin da John Lankard na kamfanin IBM suka samar a 1966, Fritz Schäfer ma ya samar da ita a Jamus a shekarar. Ruwan rini ne yake ba da haskenta, kuma ana iya matsar da zangonta a faɗin launuka.

A 1974 R. T. Hodgson da Sorokin da J. J. Wynne suka haɗa leza mai rini guda biyu a cikin tururin ƙarfen sitirontiyam, suka kuma ƙara wata hikima. Yaron da yake kan lilo, in ana tura shi daidai lokacin da lilon ya dawo, ɗan turi kaɗan ya isa ya kai shi sama. Ƙwayar zarra ma tana da matakan ƙarfi da take hawa. Sai suka saita leza ta farko yadda ƙarfin foton biyu nata zai zo daidai da wani mataki na ƙwayar. Wannan ya ninka martanin ƙwarai, kuma tun da foton ɗaya shi kaɗai bai dace da kowane mataki ba, gas ɗin bai shanye lezar ba. Leza ta biyu kuwa aka bar ta sake, ana murɗa ta. Duk inda aka matsar da ita, sabon hasken ya matsa. Da haka suka sami ultrabayolet da ake murɗawa a tsakanin wajen nanomita 178 da 196.

Foton na uku ana iya tara ƙarfinsa a kan na biyun farko, ana kuma iya ɗebe shi. Ga misali da kirifton. Foton biyu masu nanomita 212.5 sun dace da wani matakinsa. Idan aka ɗebe ƙarfin foton mai nanomita 845 daga jimlarsu, abin da ya rage shi ne nanomita 121.6, wato hasken Lyman na haidurojin. In aka sauya leza ta biyun zuwa ja ko kore ko shuɗi, sai sakamakon ya yi ta hawa. Reinhard Wallenstein da abokan aikinsa a Bilefel ta Jamus sun yi aiki mai yawa a kan wannan hanya a shekarun 1980, kuma da kirifton da zenon ana iya share kusan dukkan filin da yake tsakanin nanomita 120 da 200. Hanyar ɗebewa tana da wata fa'ida: ba ta tsananta sharaɗin haɗa taki kamar hanyar tarawa.

Ƙasa da nanomita 105, inda babu tagar da za ta riƙe gas ta bar haske ya fita, sai aka yi watsi da tagar. A 1983 Kung ya nuna cewa ana iya fesa zenon ta wata 'yar ƙaramar kafa cikin akwatin da aka zuƙe iskarsa, a harbi feshin da leza a daidai bakin kafar, famfo kuma ya kwashe gas ɗin kafin ya bazu.

Ja da baya ga rago

A ƙarshen shekarun 1980 aka ga wani abin da ba a zata ba. Lissafin da aka sani yana cewa ninki biyar zai fi ninki uku rauni nesa ba kusa ba, bakwai ya fi biyar rauni, har abin ya ɓace. A 1987 masu bincike a Shikago suka sami ninki 17 a cikin niyon. A 1988 Anne L'Huillier da abokan aikinta a Sakale ta Faransa suka buga sakamakon harba leza mai nanomita 1064 cikin agon: sun ga ninki har 33, kuma bayan 'yan na farko, sauran sun jera da ƙarfi kusan ɗaya kafin su yanke gaba ɗaya.

Bayanin ya fito a 1993, daga Paul Corkum na Kanada da kuma Kenneth Kulander da abokansa a Amurka. Idan leza ta yi tsananin gaske, takan fizge ilektiron daga ƙwayar zarra gaba ɗaya. Igiyar haske kuwa tana juya akalarta sau biyu a kowace kaɗawa, don haka bayan ta tafi da ilektiron sai ta juyo da shi a guje. Hausawa suna cewa ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Ilektiron yakan dawo ya tunkuyi ƙwayar da ya baro, ya zubar da duk ƙarfin da ya tara a hanya a matsayin foton guda mai gajeren zango ainun. Tun da karon yana faruwa cikin ɗan lokaci ƙanƙane, hasken yana fita ne walƙiya-walƙiya. A 2001 Pierre Agostini ya auna jerin walƙiya masu atosakan 250 kowace, Ferenc Krausz a Biyana kuma ya ware guda mai atosakan 650. Yawan atosakan da suke cikin daƙiƙa ɗaya ya fi yawan daƙiƙoƙin da suke cikin shekara biliyan 13.8 da masana suka ƙiyasta wa sararin samaniya. Agostini da Krausz da L'Huillier suka raba lambar Nobel ta 2023.

Akwai kuma wata sabuwar hanya, inda ake cika siririn bututun gilashi da gas, a tura gajeriyar walƙiyar leza ta cikinsa. Walƙiyar takan matse kanta a hanya, sannan ta zubar da wani kashi na ƙarfinta a matsayin ultrabayolet, kuma matsin gas ɗin ne yake zaɓar zangon. A 2019 John Travers da abokan aikinsa a Edinbara suka nuna murɗawa daga nanomita 110 zuwa 400 ta wannan hanya.

Amfanin da ake samu

A fannin halittu da sinadarai, babban amfani shi ne auna nauyin molikul ba tare da an farfasa shi ba. Kafin na'ura ta auna molikul, sai an cire masa ilektiron ɗaya. Tsohuwar hanya ita ce a jefe shi da ilektiron mai ƙarfin ilektiron-bolt 70, wanda sau da yawa yakan yi kaca-kaca da shi. Foton na nanomita 118 yana da 10.5. Wannan ya isa ya cire ilektiron daga yawancin sinadaran da suke ɗauke da kabon, amma bai kai ya taɓa naitirojin ko oksijin ko ruwa ba, domin duka ukun suna buƙatar fiye da 12. Ke nan ana iya duba hayaƙin taba ko tururin gahawa da ake soyawa, a ga baƙin sinadaran da suke ciki, iskar da ta ɗauko su ba ta rufe su ba.

Gajerun walƙiya kuma suna ba da damar bin diddigin abin da yake faruwa a DNA bayan ya sha ultrabayolet. An gano cewa tubalan DNA suna mai da ƙarfin foton ya zama zafi cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin tiriliyan na daƙiƙa, kuma a cikin irin wannan lokaci ne tubali biyu na tayamin da suke maƙwabtaka kan manne da juna, wanda shi ne mafarin lahanin da rana take yi wa fata. Wannan yana da nasaba da tarihin rayuwa kanta, domin kafin oksijin ya taru a sama, wajen shekara biliyan 2.4 da suka shige, babu ozon da zai kare halittun farko. Har ila yau akwai yankin da yake tsakanin nanomita 2.3 da 4.4, inda ruwa yake barin haske ya wuce amma kabon yake tare shi. A nan ana iya ganin ƙwayar halitta a jiƙe, ba a busar da ita ba. Manyan ninki daga gas sun isa wannan yanki a 1997.

A fannin fiziks, masu bincike a cibiyar CERN da take kan iyakar Suwizalan da Faransa sun ninka nanomita 365 sau uku a cikin kirifton da agon, suka haska kishiyar haidurojin da hasken Lyman a 2018, suka kuma sanyaya ta da shi a 2021. Suna neman sanin ko kishiyar abu tana bin dokokin da abu yake bi.

Misali mafi nuna darajar murɗawa shi ne na toriyam-229. Tun 1976 aka sami alamar cewa cibiyar wannan ƙwayar zarra tana da wani mataki mai ƙarancin ƙarfi, wanda babu irinsa a sauran cibiyoyin da aka sani. A 2003 Ekkehard Peik da Christian Tamm suka ba da shawarar a yi agogo da shi, wanda hayaniyar waje ba za ta cika damun sa ba kamar agogon da ya dogara da ilektiron. Amma ba a san ainihin zangon ba, tashar kuma siririya ce ƙwarai. Bayan an taƙaita wurin nema, a 2024 ƙungiyar Peik a Jamus da ta Thorsten Schumm a Biyana suka haɗa foton biyu masu wajen nanomita 250 a cikin zenon, suka ɗebe guda mai wajen 786, suka yi ta matsawa a hankali har cibiyar ta amsa a nanomita 148.4. Neman da aka shafe kusan shekara 50 ana yi ya zo ƙarshe ta hanyar dabarar 1974.

Kammalawa

Ya kamata a faɗi iyakar wannan hanya. Abin da yake komawa gajeren zango kaɗan ne ƙwarai, sau da yawa kashi ɗaya cikin dubu goma zuwa ɗaya cikin miliyan na ƙarfin da aka zuba. Tagogi da madubai suna dushewa saboda zafin hasken, zenon yana da tsada, kuma na'urorin suna son wutar lantarki tsayayya da ɗaki mara ƙura. Duk da haka, kayan suna zama a kan tebur ɗaya ko biyu, alhali sinkiroton yana cin fili kamar unguwa.

Wannan bambanci ya shafe mu. Har yanzu babu sinkiroton ko guda a nahiyar Afirka, kuma mai binciken da yake buƙatar irin wannan haske sai ya nemi lokaci a Turai ko Amurka ko Asiya, ko a cibiyar SESAME da aka buɗe a ƙasar Jodan a 2017. Na'urar kan tebur ba za ta yi duk aikin sinkiroton ba, amma abu ne da jami'a guda, ko jami'o'i biyu da suka haɗa hannu, za su iya sa wa a gaba. Ɗalibin halittu da yake gudun lissafi da fiziks kuwa, ya lura cewa tambayoyin da suka fi damun fanninsa, kamar yadda rana take lalata DNA da yadda furotin yake naɗe kansa, da haske ake amsa su, kuma wanda ya san yadda ake samar da hasken ya fi sanin abin da zai tambaye shi.